Wa Zai Gaji Hannun Alaramma?

'Ya'yana na Tungar Daji da maƙwabta, daga ƙasar Anka har Bukkuyum da Gummi, ina yi muku jajen halin rashin tsaro da ake ciki. Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Maganar da na zo da ita yau ba ta tsaro ba ce, ba kuma ta siyasa ba. Maganar rubutu ce, rubutun hannu irin na alarammomi, wanda yake neman sulalewa daga hannunmu ba wanda ya ce uffan.

Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san gafaka. Tana nan rataye a turaka ko a zaure, fatarta ta yi baƙi saboda hannu da hayaƙi. In aka sauke ta aka kwance tadarishi, sai ka ga Alƙur'ani falle-falle, ba ɗinki ba manni. A ƙasan takarda an ɗan rubuta kalmar da za ta buɗe ta gaba, don ko iska ta watsa su a iya mayar da kowace mazauninta. Baƙaƙen manya ne masu kauri, sun zauna daram. Wasulla da jar tawada, hamza ɗigon rawaya. Fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya a sama, yadda mutanen Magrib suke yi, karatun kuwa na ruwayar Warshu. Bayan aya biyar ga humusa, bayan goma ga kuri, a gefen shafi kuma ga zayyanar sumuni da rubu'i da nusufi da izu. Mutum ne ya tanƙwashe ƙafa a kan buzu wata da watanni ya yi wannan, kuma da ka, ba da duba wani littafi ba. A tsarin tsangaya hadda kaɗai ba ta kai mutum ga cikakken alarammanci. Sai ya rubuta izu sittin daga ƙirjinsa, 'yan'uwansa mahaddata sun taru sun bi shi baƙi bayan baƙi suna farautar kuskure.

To ku ƙirga mini, a garinku da garuruwan da kuka sani, mutum nawa ne 'yan ƙasa da shekara talatin za su iya wannan? Kada ma a kai ga izu sittin. Nawa ne za su iya fiƙe alƙalami ya yi baki mai kyau?

Fiƙar alƙalami ba wasa ba ce. Ana zaɓen karan gamba ko sillen dawa da ya bushe sarai, a sa aska a fere gefe ɗaya a karkace, a rage kafaɗun biyu har bakin ya yi faɗin da ake so, a ɗan tsaga tsakiya don tawada ta sami hanya, sannan a ɗora bakin a kan wani abu mai tauri a datse shi sau ɗaya tak. In hannu ya yi rawa a wannan datsa, duk alif ɗin da za a ja da shi sai ya fito da gemu. Tawadar allo kuma zuge ne, gawayin itace da ake niƙawa da ƙaro, don ta wanku cikin sauƙi. Ta takarda daban ce: 'ya'yan bagaruwa ake jiƙawa da kashin maƙera da ƙaro, a dafa, a tace, a bar ta ta kwana biyu ta nuna. Wannan ita ce take kama takarda ta shekara ɗaruruwa. Babu ɗaya daga cikin kayan nan da ake sayowa daga waje. Duk suna dajinku da maƙerarku. Abin da yake ƙarewa shi ne wanda ya san yadda ake haɗa su.

Kada ku ɗauka ƙaramar sana'a ce ta mutanen ƙauye. Akwai wani Alƙur'ani na Barno da aka samu da kwanan watan shekarar 1669 a jikinsa, da bayanai cikin tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. Baturen Ingila Denham, wanda ya iso Kukawa a 1823, ya ba da labarin cewa ana ɗaukar Alƙur'anan da malaman Barno suka rubuta a ƙetare Sahara da su a sayar da tsada a arewacin Afirka da Masar. Ku lura da wannan: takardar daga Italiya take zuwa, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta a rana, ta biyo ta Tarabulus a kan raƙuma, a rubuce ta a ƙasar baƙar fata, ta sake komawa arewa da daraja ninkin-ba-ninkin. Abin da aka ƙara mata hannu ne kawai.

A nan ƙasarmu ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara tun kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Shi da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai ɗaruruwa, a lokacin da babu injin buga littafi ko ɗaya a ƙasar Hausa. Ta yaya suka iso gare mu? Almajiri ne yake aron littafi, ya kwafe shi, ya mayar. Wani ya ara daga gare shi. Mafi yawan waɗannan masu kwafa ba mu san sunansu ba. Wani in ya kai ƙarshe yakan sa sunansa ya roƙi addu'a ga kansa da iyayensa, wani ko wannan ba ya yi. Muna yawan ambaton waɗanda suka wallafa, kuma sun cancanta, amma da babu waɗannan bayin Allah da ba a san su ba, da sai dai mu ji labarin littattafan a baki.

A zamaninmu, sunan da ya fi fita shi ne na Sharif Bala na unguwar Gabari a Kano, Allah Ya saka masa da alheri. Ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa sau da dama, aka ɗauki hoton rubutun aka buga da inji, ya bazu a kasuwanni. Almajirai da yawa a Arewa da Nijar da hannunsa suka buɗe ido ba su san sunansa ba. Mai yiwuwa wanda ke zauren makarantarku ma nasa ne.

Yanzu bari in kai ku nesa, don wani lokaci mutum ba ya ganin darajar abin gidansu sai ya ga yadda wasu suka riƙe nasu.

A ƙasar Sin an yi wani mutum mai suna Wang Xizhi, an haife shi a 303, ya rasu a 361, wato tun kafin haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da fiye da shekara 200. Har gobe Sinawa ba su da wanda suke ɗaukaka a fagen kyan rubutu kamarsa. Shi ma ɗan gudun hijira ne. Yana yaro yaƙi ya rushe mulkin arewacin ƙasar, danginsa suka tattara suka yi kudu, suka bar gidaje da kaburburan kakanni. Cikin wasiƙunsa da aka fi sani akwai wadda ya rubuta yana kukan yadda aka lalata kaburburan nan, kuma masana suna cewa ana ganin baƙin cikin a jikin rubutun, yadda ya fara a natse ya ƙare a guje. Wadda ta fara koya masa riƙon alƙalami mace ce, Wei Shuo. Ku riƙe wannan, 'ya'yana mata, zan dawo kanku. Ya yi aikin hukuma, ya riƙe muƙamin soja da na mulkin yanki, a 355 ya ajiye ya koma gida.

Alƙalaminsu na gashin dabba ne, tawadarsu kuwa kusan tamu ce: baƙin hayaƙin itace ake haɗawa da danƙo a busar, in za a yi rubutu a ɗiga ruwa a kan dutse a yi ta gogawa har ta yi kauri. Ana ba da labarin cewa saboda yawan wanke alƙalami, tafkin da ke kusa da gidan Wang sai da ya koma baƙi. Ko an ƙara gishiri, ma'anar a fili take.

A 353 ya tara abokai, su 42 har da shi, a bakin wani rafi kusa da garin da yanzu ake kira Shaoxing. Suka sha abin shansu suka tsara waƙoƙi (wannan al'adarsu ce, ba ita na kawo muku ba), shi kuma ya rubuta wa waƙoƙin gabatarwa nan take: layi 28, kalma 324, har da 'yan goge-goge. Akwai wata kalma da ta maimaitu sau 20 a ciki, kowace da irin zubinta. An ce daga baya ya yi ta ƙoƙarin sake rubuta ta bai ƙara samun irin ta farko ba. Wannan 'yar takarda ita ce rubutun da ya fi kowane shahara a tarihinsu.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Wannan takarda babu ita. Sarki Taizong, wanda ya mutu a 649, ya so ta har aka ce ya yi wasiyya a binne shi da ita. Ba ita kaɗai ba: a yau babu ko falle ɗaya da masana suka yarda cewa hannun Wang ne da kansa ya taɓa shi. Yaƙi da gobara da ruwa da son kai na sarakuna sun cinye duka. Abin da ya rage kwafi ne. Kafin sarkin ya mutu ya sa gwanayen fadarsa sun ɗora takarda marar kauri a kan ta asali sun bi ta a hankali, har da wuraren da aka goge, kuma ɗaya daga cikin kwafin nan yana gidan tarihin fadar Beijing. Wasiƙar kaburbura ma kwafi ce, tana ƙasar Japan. Wani jikan jikokinsa mai suna Zhiyong ya shafe shekaru a ɗakin ibadarsu yana kwaikwayon hannun kakansa, aka ce ya rubuta littafin koyon karatu guda sau 800 ya rarraba, alƙaluman da suka mutu a hannunsa kuma ya tara su ya haƙa rami ya binne. Wang ya rasu shekara fiye da 1,600, aikinsa na asali ya ɓace ƙurmus, amma yaron makaranta a Sin yau yana iya zama ya bi hannunsa. Masu kwafa ne suka yi wannan, ba sarakuna ba.

Na san abin da kalmar kwafa take nufi a kunnenku: satar amsa a ɗakin jarrabawa. Wannan daban. Na kuma san ciwon samarin yanzu, kowa yana so a ce salonsa ne, bai kwaikwayi kowa ba. Wanda bai taɓa zama ya bi hannun wani har ya gaji ba, abin da yake kira salonsa rashin iyawa ne kawai. Sinawa sai yaro ya shekara da shekaru yana bin rubutun magabata, da farko ta ɗora takarda a kai, daga baya ta ajiye shi a gefe yana kallo. Tsangaya ma haka take: babbaƙu, farfaru, sannan malam ya rubuta maka ka bi, sannan ka fara rubuta allonka da kanka ya duba. Hannunka na kanka zai fito, ba sai ka kira shi ba. Alarammomi biyu da suka yi karatu a gaban malami ɗaya, masu sani suna ɗaga takarda su ce wannan na wane ne, wancan na wane.

Wani zai ce, Baba, ai yanzu ga bugun Madina a kowane masallaci, ga Alƙur'ani a waya, wahalar me? Tambaya ce mai kyau. Amma bugun Madinan nan da kuke gani, ba inji ne ya ƙirƙiro baƙaƙensa ba. Hannun mutum ne, Usman Ɗaha, mutumin Siriya da aka haifa a 1934 a yankin Halab, wanda ya zauna ya rubuta shi shafi-shafi, kowane shafi ya fara da farkon aya ya ƙare da ƙarshen aya. Inji ya yawaita shi ne kawai. Haka nan akwai wani zubin baƙaƙen kwamfuta da aka fitar mai suna Alkalami, wanda aka tsara shi a kan rubutun hannun malaman Kano. Ajamin da ke jikin takardar naira 200 da 500 da 1,000 ma wani ne ya fara jan sa da hannu. Inji ba ya haifar da kyau, abin da aka ba shi yake maimaitawa. In masu hannu suka ƙare, abin da zai yi ta maimaitawa ke nan har abada, ba sabo. Ban da haka, tambayi kowane mahaddaci: abin da ka rubuta da hannunka a allo ka wanke, ba ya zama ɗaya a ƙirji da abin da ka shafa da yatsa a gilashin waya.

Ba zan yi kamar ban san inda ƙarfin samarinmu yake tafiya ba. Yana ramin zinare. Ba kuma zan zauna a inuwa in ce muku ku bari ba, alhali gona ta gagara zuwa, gida kuma yana jiran cefane. Amma ku kuka fi kowa sanin abin da ya faru a 2010, lokacin da likitocin agaji na MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, Sunke, Duza, 'Yargalma, Tungar Guru, da Tungar Daji kanta, daga baya kuma Bagega. Dutsen da ake kawowa gida ana daka shi ana niƙa shi a tsakar gida, ƙurarsa ta kashe yara aƙalla 400. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa. Waɗansunku ƙannen yaran nan ne, waɗansunku yayyensu. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceto ne.

A cikin wannan shekarar ta 2010, a Beijing, aka yi gwanjon wata tsohuwar takarda mai layi huɗu, kalma 41, kwafin wata wasiƙar Wang. Ba ma ta asali ba. An saye ta yuwan miliyan 308, kimanin dalar Amurka miliyan 46. Ban kawo wannan don in ce rubutu zai sa ku kuɗance ba. Ƙarya ne in na faɗa. Alarammomin da suke kai rubutunsu Kasuwar Kurmi a Kano, in aka raba abin da ake ba su da watannin da suka yi a duƙe, sai mutum ya ji kunya. Na kawo shi ne don ku ga cewa akwai al'ummar da ta ɗauki hannun magabatanta da nauyin da ya fi na zinare, mu kuma namu yana rataye gara tana ci. Abin da zan iya cewa da gaskiya shi ne, mai hannu mai kyau ba ya rasa na sabulu: allon zayyana na masu sauka, rubutun bangon masallaci, allon shago, koyar da yara. Kuma sana'a ce da ba a tare mutum a hanya a ƙwace masa.

Tunda maganar dalma ta shigo, ga gargaɗi ɗaya da bai kamata a yi wasa da shi ba. Kada a daka zuge ko ƙaro ko bagaruwa a turmin da ya taɓa ganin dutsen zinare, kada a jiƙa tawada da ruwan wurin wanki, kada kuma a ɗebo ƙasa mai launi daga bakin rami a ce za a yi jar tawada ko rawaya da ita. Tawadarmu ana wanke ta a sha, yara kuma suna lasar alƙalami. Wanda ya dawo daga rami ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya taɓa allo.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Tsakanin sallar asuba da fitowar rana akwai lokacin da ba na rami ba ne, ba na gona ba. Ka nemi dattijon da aka san shi da hannu, ko a garinku ko a inda hijira ta kai ku, Anka ko Gummi ko Gusau. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, Alaramma, hannunka nake so ka ba ni. Zai yi mamaki, don an daɗe ba a tambaye shi ba. Wataƙila ya gwada ka da aike da shara kafin ya kula ka, ka jure. In ya ce ka cika allo da harafin ba zalla har mako ya zagayo, ka cika. Kada ka tsaya ga baƙi kaɗai: ka koyi wasali, ka koyi zayyana, ka zauna kusa ranar da yake dafa tawada ka ga ma'aunin da idonka, don irin wannan ba a rubuta shi a ko'ina ba. Wanda yake boko kada ya ce ba da shi ake ba. Hannun da ya horu a ajami ba ya ɓata boko, gyara shi yake yi.

Ku kuma 'ya'yana mata, kada wani ya ce muku alƙalami na maza ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, matan da ta horar, waɗanda ake kira jaji, kuma suka ɗauki karatun suka kai wa mata har ƙauyuka. Zayyana da wasali aikin natsuwa ne da kaifin ido, kuma hannun da ya iya zanen lalle da ɗinkin hula ya riga ya yi rabin tafiya. In zuwa gaban malami ya yi wuya, mahaifi ko wa ko miji ya karɓo miki shafi ki riƙa bi a ɗaki.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi gaggawa. Ranar da aka ce a gudu, ba mai tuna gafaka; ana ɗaukar yara ne da abin da hannu ya kai. Garuruwa nawa aka ƙone, da abin da ke rataye a zaurukansu? Ba Alƙur'anai kaɗai ba, har littattafan fiƙihu da waƙoƙin wa'azi na ajami da wasiƙu da takardun gado, waɗanda wataƙila babu kwafinsu a ko'ina a duniya. A nan wayar da ke aljihunka za ta yi aikin da gwanayen fadar Sin suka yi. Ka nemi izinin mai gida, ka yi alwala, ka shimfiɗa farin zane a inuwa mai haske, ka ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, bi da bi, kada ka tsallake ko wadda gara ta ci rabinta, kada kuma ka sa mata salatif ko ka ce za ka gyara da biro. Shafin ƙarshe ka ɗauke shi sau biyu, don nan ne sunan marubuci da shekara suke in akwai. Ka tambayi tsofaffi wa ya rubuta, a wane gari, a gaban wa ya yi karatu, ka ɗauki muryarsu. Sannan kada hotunan su kwana a waya ɗaya: ka tura wa ɗan'uwa a Gusau ko Sakkwato ko Kano. Masu son a adana musu a hukumance, akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, duk suna ajiye irin waɗannan rubuce-rubuce.

Dattawan da suka san wannan aiki ba su da yawa, kuma kowace damina ana rage su. In akwai ɗaya a unguwarku, kada ku jira sai an sami zaman lafiya. Ku je masa a wannan makon, da karan gambarku da askarku a hannu.